Mai Firji a Zamanin Kakan Kakansa

Duk layin da Mai Firji aka san shi, shi kuwa a duniya ba abin da ya tsana kamar firji. Tun yana saurayi yake kwance a bayan firjin mutane, kunci a ƙasa, yana shaƙar ƙura da saƙar gizo-gizo, matar gida na tsaye a kansa tana tambaya ko namanta zai kai gobe. Kunnensa ya san kukan kowane irin inji, har ta kai in ya shiga gidan mutane gaisuwa sai ya tsaya a tsakiyar magana, ya karkata kai, ya ce, "Naku ya kusa." Ranar da ya bar wa abokin aikinsa shago ya ce shi ya huta, kowa ya ɗauka kujera mai taushi zai saya ya miƙe ƙafa. Ashe tarihi zai faɗa, ya kuwa faɗa tsundum.

Wani shirin talabijin ne ya ja masa, irin wanda ake nuna yadda mutanen da suka yi rayuwarsu. Sai ya zauna a ƙarƙashin fanka, kofin ruwan sanyi a hannu, tabarau a kan hanci, yana kallon ayarin fatake da jiragen ruwa masu tafiya da iska, yana girgiza kai kamar wanda aka yi wa ƙwace.

"Maman Tilo, zo ki ga mutane," in ji shi. "Dubi yadda suke tafiya, ba mai sauri. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba waya ko ɗaya a sama. Wallahi kuskure aka yi aka haife ni yanzu."

Maman Tilo, matarsa, ɗinkin labule take yi a kusurwar falo da kekenta mai amfani da lantarki. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Da a can aka haife ni," ya ci gaba, "da sassafe zan fita, raɓa a ƙafata, in zagaya gonata tun daga bakin rafi har gindin dutse. Abin da na shuka shi zan ci. In rana ta faɗi in kwanta, in ta fito in tashi. Ba wanda zai buga mini ƙofa wai kifinsa ya narke."

"Wa ya ce maka gonar taka ce?" ta ce, tana gutsure zare da haƙori. "Ƙila kai ne wanda ake aika ya kwashe kashin shanu."

Ya yi kamar bai ji ba. Dama duk mai irin wannan mafarki haka yake, bai taɓa ganin kansa a layin masu ɗaukar kaya ba.

Da a baki abin ya tsaya, da ba wanda zai damu. To, akwai wani fili da ya gada, can ƙarshen hanya inda mota take juyawa ta dawo, wurin da ko turken lantarki bai kai ba. Wata rana ya je ya gano shi, ya dawo takalmansa duk laka, idonsa na ƙyalli, ya ce ya yanke shawara. Za su saki gidan benen da suke haya, su gina ɗaki biyu a can, su yi zama irin na mutanen kirki.

Nan fa hankalin Maman Tilo ya tashi. Ta san mijinta. Mutum ne mai sauƙi a komai, amma in ya kafe a kan abu, sai dai a ɗauke shi da abin gaba ɗaya. Masu kawo mata ɗinki duk a layin nan suke, ƙawayenta a nan suke. Uwa uba ga Tilo, 'yarsu, wadda ke aure bayan layinsu, ga ta da tsohon ciki na fari. Tilo ake ce mata don ita kaɗai Allah ya ba su. Haihuwarta ta zo da gardama, sai da aka yi wa uwar aiki, daga nan likita ya ce a tsaya haka. Tsohuwar magana ce, ba mai tayar da ita a gidan. Maman Tilo ba za ta iya barin 'yarta a wannan hali ba, ba kuma za ta iya barin mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba ya tafi daji shi kaɗai.

Tilo ce ta kawo mafita. A kantin magani take aiki, ta saba da mutane masu gardama. Ta zo da yamma, ta zauna da ƙyar, ta saurari uban har ya gama zuba.

"Baba, ai ba a sayen takalmi sai an gwada," ta ce. "Ku gwada zamanin naka a nan cikin gida, ƙarshen makon nan. Duk abin da kakan kakanka bai sani ba, a kai shi ɗakin ajiya a rufe. In ka kai yammacin Lahadi ba ka buɗe ƙofar nan ba, Mama za ta bi ka. In ka buɗe, magana ta mutu."

Uwar ta zaro mata ido. Tilo ta ɗan lumshe nata, wato ki bar ni da shi.

"Na yarda," in ji Mai Firji, har yana gyara zama. "Wa zai yi alƙalanci?"

"Ni. Da wayata, don in riƙa duba abin da ke akwai da wanda babu. Alƙali ba ya cikin zamanin kowa."

Ranar Asabar da safe aka fara kwashe gida. Shi da kansa ya ja firjin, ya kishingiɗar da shi a kan tsohon bargo ya tura shi ɗakin ajiya, yana cewa, "Shiga, munafuki, ka ci zamaninka." Talabijin ya bi, fanka ta bi, da rediyo, da dutsen guga, da keken ɗinki, wanda Maman Tilo ta lulluɓe da zane kamar mai jin sanyi. Har nan yana murna. Sai alƙali ta fara nuna ƙananan abubuwa da yatsa. Ashana ta tafi. Buroshin haƙori ya tafi. Katifar soso, bokitin roba, agogon bango, takalmin wanka, duk suka tafi. Aka ɗaure kan famfo da tsumma. Banɗaki ne kawai aka yi wa afuwa, a nan ko shi mai son tarihin sunkuyar da kai ya yi ya ce wannan a bar shi.

"Wandon nan naka zif gare shi, Baba."

"To tsirara zan zauna?"

Maman Tilo ta buɗe akwati ta ciro wani labulen auduga mai ruwan ƙasa, wanda wata mata ta sa aka ɗinka ta fasa karɓa. Ya ɗaura shi, ya yafa ragowar a kafaɗa, ya tsaya a tsakar falo yana jin kansa kamar shugaban ayari. Zobban rataye labulen suna kaɗawa a bayan gwiwarsa, ba wanda ya gaya masa.

"Saura tabarau," in ji Tilo.

"A'a, nan kam kin yi kuskure. Na gani a shirin nan, tabarau ya daɗe a duniya."

Ta duba waya. "Ya daɗe, gaskiya ne. Amma naka roba ne, har gilashin ma roba ne. Kawo."

Ya cire ya miƙa. Nan take duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan wanki. Matarsa ta zama wani dogon abu mai launin shuɗi, 'yarsa ta zama wani abu mai faɗi. Ya ce ai haka ma ya fi, ido ya huta.

Aikin farko ruwa. Akwai tanki a harabar gidan, can ƙasa, su kuwa a benen ƙarshe suke. Tun da bokiti ya shiga kurkuku, sai ya fita baranda ya lalubo babbar tukunyar ƙasa da matarsa take shuka fure a ciki, ya zazzage ƙasar, ya ɗauraye ta, ya cika ta taf, ya saɓa a kafaɗa. Yana hawa yana mamakin ƙarfinsa, don kowane bene ya wuce sai ya ji kayan sun ƙara sauƙi. Har ya fara tunanin ashe jikin mutum da kansa yake tuna aikin kakanninsa. Da ya iso ƙofa ya sauke, abin da ya rage a ciki ko kaza ba zai isa ba, labulensa kuwa ya jiƙe sharkaf tun daga kafaɗa har ƙasa.

Maman Tilo ta ɗaga tukunyar, ta leƙa shi ta hudar da ke gindinta. Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta dafa bango. Tilo tana riƙe da ciki tana cewa, "Ku bari, za ku sa in haihu yau."

Shi ma sai da ya dara. Amma fa mai gyara ne, ba ya barin abu ya gagare shi. Ya cusa tsumma a hudar, ya liƙe da laka, ya koma. Kafin hantsi ya yi zafi ya cika duk wani mazubi na ƙasa da na ƙarfe da aka bar musu, ƙafafunsa na rawa, bakinsa na cewa motsa jiki ne.

Wuta ce ta so ta ba shi kunya. Ya tanadi gawayi da murhu a baranda, ya kuma tsinto duwatsu biyu a hanya, don ya ga ana ƙyasta su a talabijin. Ya durƙusa yana bugawa. Ya buga har babban yatsansa ya fashe, tartsatsi ɗaya tak ya fito, shi ma a kan labulen ya sauka.

"Ni dai na ji kakata tana cewa," in ji Maman Tilo, tana tsintar shinkafa, "su ba kullum suke ƙyasta wuta ba. In ta mutu, maƙwabta ake zuwa a ɗebo."

Ya dubi wajen da yake zaton alƙali take. Alƙali ta ce ya halatta.

Ya ɗauki kasko da gawayi uku ya sauka bene ɗaya, ya buga ƙofar Direba, tsohon abokin hirarsa. Direba ya buɗe, ya dube shi tun daga sama har zobban labule.

"Mai Firji, lafiya? Gobara aka yi ka fito da abin da ka samu?"

"Wuta na zo ɗiba."

"Wuta kuma? Ga ashana."

"Ba na karɓar ashana. Garwashi nake so."

Direba ya ƙura masa ido, irin kallon mutumin da yake tunanin wa ya kamata a kira. Daga baya ya karɓi kaskon, ya shiga kicin, ya kunna gas, ya riƙe gawayin da cokali mai yatsu a kan harshen wutar har ya yi ja. Mai Firji ya juya baya don kada ya gani. Ya hau da garwashinsa yana hurawa, fuskarsa cike da nasara. Tilo ta ce tun da ba a tambayar wutar maƙwabci asalinta, an wuce wurin.

Abin da Maman Tilo ba ta zata ba shi ne daɗin da zai biyo baya. Shinkafar ta kama a ƙasa, amma ƙamshin hayaƙi ya shige ta, yunwa kuma ta yi mata sauran aikin. Suka ci a baranda, a kan tabarma, su uku a faranti ɗaya. Da la'asar, babu talabijin da za a kalla, babu keken da zai yi ƙara, sai suka kama hira. Ya ba da labarin ranar da ya fara ganinta, ya zo gyara a gidan yayarta, ya kwance firjin da ba abin da ya same shi don kawai ya sake dawowa. Ta ce ai ta sani tun ranar, don firjin bai sake yin sanyi ba sai da aka kira wani. Tilo ba ta taɓa jin wannan labari ba. Iska tana kaɗawa, rana tana sauka a bayan rufin gidaje, Maman Tilo ta tsinci kanta tana rera wata waƙa ta ƙuruciya da ta manta ta iya.

Mai Firji ya ji daɗi har cikin ransa. Rabon da ya ji matarsa tana waƙa har ya manta.

"Kun gani ko?" ya ce. "Wannan ita ce rayuwa. Ni dama jikina na can ne. Ku dube ni, ba hawan jini, ba ciwon suga. Asibiti bai taɓa riƙe ni ko na wuni guda ba. Da a can nake, da ba abin da zan rasa."

Waƙar ta tsaya. Bai lura ba, don ba ya ganin fuska. Abin da ya lura da shi wani ɗan ƙyalli ne a kanta lokacin da ta gyara ɗankwali. Ya kai hannu ya shafo, ya ji ɗan maƙalin gashi na roba.

"Alƙali, ga laifi," ya ce da murna. "Doka doka ce, ba sani ba sabo. Duk abin da ba zai kasance a can ba, ɗakin ajiya."

"Duk abin da ba zai kasance a can ba," ta maimaita a hankali.

"Duka. Ko ƙanƙani ne ko babba."

Ta cire ta miƙa masa. Ya tashi da kansa ya kai, yana tafe zobba na kaɗawa. Tilo ta dubi uwarta, uwar ta dubi ƙofar ɗakin ajiya.

Washegari ya farka a kan tabarma, bayansa kamar an yi masa duka, amma zuciyarsa fes. Yau Lahadi, zuwa yamma ya ci. Ya kai hannu gefe ya ji wayam. Ya leƙa baranda, murhu ya yi sanyi. Ya leƙa kicin, ba kowa. Sai ya jiyo murya a ɗakin ajiya, da ƙaramar dariya, da wani kuka da zai gane ko a mafarki. An kunna firji.

Ya tsaya a bakin ƙofar yana murmushi. "Maman Tilo, kin karya doka. Kin sallama ke nan?"

"Ban karya ba," ta amsa daga ciki. "Bin ta nake yi. Kai ka ce duk abin da ba zai kasance a can ba a kawo shi nan. To na kawo kaina."

"Wane irin zance ne wannan?"

"Baban Tilo, a zamanin kakan kakanka wa zai yanka ni ya ciro yarinyar nan ya ɗinke? Wa zai ƙara mini jini? Ai da tun ranar an gama da ni. Ni da ita. Ga shi ta zo da sassafe na ce ta shigo, ita da wanda ke cikinta. Mu uku ne a nan, duk kayan zamani ne."

"Baba, na duba," in ji Tilo. Muryarta da dariya a ciki, amma ba sosai ba. "Hukuncin daidai ne."

Ya ce wannan wayo ne. Maman Tilo ta ce ƙwarai wayo ne, amma ya nuna mata inda ƙarya take.

"Ka ce asibiti bai taɓa riƙe ka wuni guda ba," ta ƙara. "Bencin fa? Je ka ci zamaninka, ba mu hana ka ba. Yamma na nan zuwa."

Ya koma falo yana gunaguni. Mata da dabara. To shi ma zai nuna musu, wuni ɗaya ne, ba zai kashe shi ba. Ya sauka ya ɗebo ruwa. Ya tona tokar jiya ya sami ɗan garwashi da rai, ya hura ya tashi, har ya juya zai ce a zo a gani, sai ya tuna ba mai gani. Ya dafa ruwan citta, ya zuba, ya zauna a tabarma. Sai da ya kai hannu ya ga kofi biyu ya cika.

Ya zauna yana kallon kofi na biyun yana hucewa. Falon da ya yi masa daɗi jiya, yau ya yi masa faɗi. Ga shirun da ya daɗe yana nema, an ba shi har ya yi yawa. Ya gwada komawa gonarsa ta mafarki, daga bakin rafi har gindin dutse, ya zagaya ta tsaf, raɓa a ƙafa. Da ya juyo gida, sai ya rasa wanda zai tarar a ciki. Duk shekarun da ya yi yana shirya wannan gona a kansa, bai taɓa tambayar kansa ba, don ya ɗauka Maman Tilo tana nan kamar yadda rana take nan.

Bencin kuwa bai manta shi ba, ajiye shi ya yi a inda ba ya dubawa. Dogon benci ne na katako a wani lungu na asibiti. Tun hantsi aka shiga da ita, aka bar shi riƙe da takalmanta. Wata ma'aikaciya ta fito da gudu ta shiga ɗakin da ke bayansa, ta fito da jakar jini, ta koma, ta sake fitowa. A jikin bangon da ya jingina yana jin kukan firjin da ake ajiye jinin. Ya san irin injin, ya kuma ji ya tsufa, yana shaƙewa kafin ya tashi. Bai iya addu'a mai tsawo a ranar ba. Abin da ya yi ta faɗa ke nan har rana ta faɗi: Allah kada injin nan ya tsaya. Bai tsaya ba. Da yamma aka miƙo masa yarinya a cikin tawul, aka ce uwar ma ta farka tana tambayar takalmanta.

Yanzu ga shi zaune cikin labule, irin kukan nan yana zuwa masa ta ƙarƙashin ƙofa, haɗe da muryoyi biyu suna gardama a kan launin kayan jariri. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, na abin da ya wuce shekara da shekaru bai faru ba. Bayan tsoron sai kunya, bayan kunyar sai wata irin godiya da ta cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa ta.

Ko azahar ba a yi ba ya tashi. Ya ɗauki kaskon jiya, ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara labulensa, ya ƙwanƙwasa.

"Waye?" in ji Maman Tilo.

"Maƙwabcinku ne, na zamanin da."

"Me ake so?"

"Wuta na zo ɗiba. Tawa ta mutu."

Sai Tilo ta ce, "Baba, ƙofar ba a kulle take ba. Amma ka san in ka buɗe da hannunka, magana ta mutu."

Ya murɗa ya tura.

Ɗakin a cike yake maƙil. Sun shimfiɗa katifar soso a tsakanin talabijin da keken ɗinki, fanka na kaɗawa a kansu, ga kofuna da ruwan sanyi. Wani dogon abu mai launin shuɗi ya taso, ya ɗauko wani abu a kan firji, ya maƙala masa a fuska. Duniya ta dawo tar. Ya ga furfurar da ke gefen kunnenta, ya ga ramin da zare ya yi a haƙorinta na gaba, ya ga idonta ya yi ja, ashe ita ma ba dariya kaɗai take yi tun safe ba. Ya daɗe yana kallonta kamar yau aka miƙo masa ita.

"Ka gama kallon?" ta ce. "Ga zobba nan a bayanka tun jiya, ka je har gidan Direba da su."

Ya so ya yi dariya, sai ya ji abin da ke tahowa ba dariya ba ce. Ya yi maza ya karkata kai wajen firjin.

"Wannan yana shaƙewa," ya ce da wata murya. "Ba ku ji ba? Ku matsa."

Ya durƙusa, ya kutsa kansa a bayan firjin, kunci a ƙasa, inda ya yi rabin rayuwarsa. Ba abin da ya sami firjin, su duka ukun sun sani. Uwa da 'ya suka bar shi, suna kallon ƙafafunsa da suka leƙo daga cikin labule. Can sai muryarsa ta fito daga lungun, a toshe.

"Filin nan, ai motar tana zuwa da safe ta dawo da yamma, ko?"

"Tana dawowa," in ji Maman Tilo.

"To. Sai in riƙa zuwa ina shuka albasa, in dawo in kwana a gida." Ya ja hanci. "Tilo, asibitin da za ki haihu, ki tambayar mini wa yake duba musu firji."

Maman Tilo ta zauna a bakin katifa, ta kai hannu ta dafa idon sawunsa, ta bar hannun a nan. Da ɗaya hannun ta miƙa wa Tilo kofi, ta ce ta zuba wa babanta ruwan sanyi kafin ya fito.